Jini Magayi: Labarin Cikin Kare

'Yan'uwa marubuta, Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma da mutane yake. Mutum in ciki ya murɗe shi zai dafe wurin ya ce wa likita, "Nan ne, tun shekaranjiya ya soma, bayan na ci abu kaza." Rabin aikin likita ya ƙare ke nan. Kare ba shi da wannan gata. Zai ƙi abinci, ya yi amai, ya nemi inuwa ya kwanta, ya bar maigidansa da canki-canka. A irin wannan hali abu guda ne a jikinsa ke iya ba da labari dalla-dalla, wato jininsa, in an samu wanda ya iya yi masa tambaya.

Mun san wasu za su ce duk batutuwan duniya a rasa na ɗauka a wannan mako sai ciwon cikin kare. To, mu 'yan wannan yanki ne, daga duwatsun Roni da Gwiwa har zuwa rairayin Babura, kuma a nan kare ma'aikaci ne. Shi ke kwana a bakin garke, shi ke tsaron rumbu, shi ke shiga gaba in rani ya yi mafarauta sun fita. Tarihin baka ma cewa ya yi mafarauta ne suka fara zama a Kazaure, ƙarƙashin wani jarumi mai suna Kutumbi, tun kafin Ɗantunku ya kafa masarautar a 1819. Akwai karen da maigidansa ba zai ba da shi a kan rago ba. Addininmu ya halatta abin da horarren kare ya kamo, kuma tun muna Islamiyya aka ba mu labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Don haka ba mu ga abin kunya a wannan batu ba. Ƙari a kan haka, in kun yi haƙuri kun bi mu zuwa ƙarshe, za ku ga maganar ta shafi alƙalaminmu kai tsaye.

Abin da ake kira saifa, alhali ba saifa ba ce

A cikin kare, kamar a cikin mutum da rago, akwai wata 'yar tsoka fara-fara mai laushi, kwance a jikin tumbi da farkon ƙaramin hanji. Likitoci na kiranta fankiriyas. Mun sha ganin an fassara ta da saifa a rubuce-rubucen intanet. Ku je wurin kowane mahauci a kasuwar Kazaure ku ce ya nuna muku saifa, zai ɗago muku wata doguwar tsoka ja mai duhu, wadda aikinta tace jini. Fankiriyas daban take, a kama da kuma a aiki. Kama da wane ba ta wane, balle ma nan ko kamar babu. Saboda haka da sunanta na asibiti za mu ci gaba da kiranta.

Aiki biyu take yi. Na farko, tana zuba insulin a cikin jini don ya daidaita sukari. Na biyu, tana tsiyayar da wani ruwa zuwa cikin hanji, mai ɗauke da sinadaran narkar da abinci: amilas mai narkar da dangin tuwo, lifas mai narkar da kitse da mai, sai tirifsin mai narkar da nama.

Abin mamaki, a jikin kare ɗan Adam ya koyi yawancin abin da ya sani game da wannan tsoka. A 1889, a birnin Sitirasbug wanda a lokacin yake hannun Jamus, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare fankiriyas ɗungurungum, sai ga shi ya kamu da ciwon sukari. Daga nan duniya ta gane inda bakin zaren ciwon yake. A 1921 kuma, a Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka tatso insulin daga fankiriyas ɗin karnuka, suka gwada a kan wasu karnukan, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro allurar ya farfaɗo. Ke nan duk mai ciwon sukarin da ke yi wa kansa allura yau a Roni ko Babura, akwai bashin kare a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Yaya wannan tsoka ke kamuwa da ciwo? Ku ɗauki tirifsin a matsayin wuƙar mahauci. Allah ya tsara cewa a cikin kube ake ƙera ta, a cikin kube take tafiya, sai ta isa hanji ake zare ta. In aka samu matsala ta zare tun tana cikin fankiriyas, sai ta hau yankan gidan da aka ƙera ta, ta kuma zare sauran 'yan'uwanta. Tsokar ta kumbura, ta soma narkar da kanta da kitsen da ke kewaye da ita, sinadaran da ya kamata su bi hanji su malala cikin jini. Wannan shi ne kumburin fankiriyas na farat ɗaya. Wani karen yakan warke cikin 'yan kwanaki. Wani kuwa ciwon ya taɓa ƙoda da huhu, ya tafi da shi.

Kwana uku bayan layya

Sau da yawa ba a gano abin da ya tayar da ciwon. Amma likitocin dabbobi sun daɗe da lura da wani abu: karen da ya samu kitse mai yawa a zama ɗaya, wanda cikinsa bai saba da shi ba, yana cikin haɗari. Shi ya sa a Amurka suke ta gargaɗi duk watan Nuwamba, lokacin bikinsu na godiya da ake cin talotalo, cewa kada a juye wa kare ragowar maiƙo. Mu namu lokacin sananne ne. Karen da ya shekara a kan ƙanzo da dusa da ragowar tuwo, ranar Babbar Sallah sai ya tsinci kansa cikin kitse da kayan ciki da ƙasusuwa, gida-gida.

Wata shekara mun je yawon Sallah wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, muka tarar gari ya ɗauki zafi. Wani dattijo mafarauci, abokin kakanninmu, karyarsa ta mutu a daren jiya, wadda ya fi ji da ita duk cikin karnukansa. Ya rantse maƙwabcinsa ne ya sa mata guba, don sun taɓa sa-in-sa a kan kaji. Bayan mun gaisa mun yi masa jaje, sai muka ce, "Baba, me ta ci kafin ta kwanta?"

Ya ce, "Me za ta ci, 'ya'yan nan, ban da abin da kowa ya ci? Sallah ce fa. Kakiden da ya rage a tukunyar suya ma ita na sa aka juye wa, don ta fi sauran ƙoƙari."

Muka ce, "Yaya ta yi da ciwon ya kama ta, Baba?"

Ya ce washegari ta ƙi abinci, ta yi ta amai. In ya taɓa cikinta sai ta yi ƙara. Ta kan kwantar da ƙirjinta ƙasa, ta miƙe ƙafafun gaba, ta bar ƙugu a sama, ta daɗe a haka. Da ya ga abin ya yi yawa sai ya ɗura mata manja da nono, kamar yadda aka saba in ana zargin guba. Wani mai yawo da magani a babur ya zo ya yi mata allura biyu. Kwana na uku ta cika, aka ja ta bayan gari aka binne.

Duk wanda ya karanci ciwon nan zai ji gabansa ya faɗi da jin wannan bayani, domin kitsen, da aman, da ciwon cikin, da irin wannan kwanciya, duk alamominsa ne. In kuwa shi ne, to manjan da aka ɗura mata mai ne aka ƙara wa wuta. Sai dai ƙashin da ya tokare hanji ma haka yake yi. Guba ma tana sa amai, kuma dangin fiya-fiya da ake fesa wa ƙwari suna iya kumbura fankiriyas su ma. Abu uku ke nan, kowanne da hukuncinsa: ɗaya kyautatawa ce ta zo da ajali, ɗaya tsautsayi ne, ɗaya kuma laifi ne da ya cancanci zuwa gaban hukuma. Jinin da bai kai cikin cokali biyu ba zai iya rage wannan ruɗani, domin fiya-fiya tana karya wani sinadari a jini mai suna kolinestaras, ana kuma iya auna shi. Amma hujja ta riga ta shiga rami. Maganar ta je gaban mai unguwa, aka ba kowa haƙuri, aka tashi ba wanda ya gamsu. Har muka bar garin gidajen nan biyu ba sa ga-maciji, kuma da aka yi suna a ɗaya bayan wata biyu, ɗayan bai aika ko da goro ba.

Kare guda ya mutu, zumuncin shekaru ya bi shi. Irin wannan yana faruwa a garuruwanmu fiye da yadda muke zato, a kan kare, a kan akuya, a kan sa, wani lokaci ma a kan mutum.

Shaidun da ke cikin jini

Mu da muka yi difloma a fannin kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure, abin da ya fi zauna mana a kai shi ne wannan: sakamakon gwaji shaida ne, likita ne alƙali. Alƙali kuwa ba ya karɓar shaida sai ya yi masa tazkiyya. Tambaya biyu ake yi wa kowane gwaji. In ciwon yana nan, shin gwajin zai gan shi, ko zai wuce ta gabansa bai lura ba? In kuma gwajin ya ce ya gani, shin shi ɗin ya gani, ko wani mai kama da shi? Shaidan da ke barci a bakin aiki yakan sa mai laifi ya kuɓuta. Shaidan da ke nuna kowa da yatsa yakan sa a ɗaure marar laifi.

A ɓangaren mutane aka fara. A 1889 wani likita a Boston, Reginald Fitz, ya yi cikakken bayanin ciwon. A 1929 Robert Elman da abokan aikinsa suka nuna cewa amilas yana hauhawa a jinin mai ciwon, a 1932 kuma Cherry da Crandall suka kawo awon lifas. Har yau ƙa'idar da likitocin mutane ke bi, wadda aka sabunta a 2012, ita ce a samu biyu cikin uku: irin ciwon cikin da majinyaci ya bayyana, ko lifas ko amilas ya ninka iyakarsa sau uku, ko hoton ciki ya nuna. Ku lura, shaidan farko bakin majinyaci ne. Kare tun daga nan ya yi asarar ɗaya.

Da aka ɗauko amilas da lifas aka kawo su kan kare, sai suka zama shaidun da ba a dogara da su. Dalili shi ne ba fankiriyas kaɗai ke yin su ba, tumbi da hanji da wasu sassan jiki ma suna yi. An taɓa cire wa karnuka fankiriyas gaba ɗaya, aka auna jininsu daga baya, aka tarar har yanzu akwai amilas da lifas a ciki. Sannan ƙoda ce ke fitar da su daga jini, don haka karen da ƙodarsa ta gaza, ko amai ya ƙafar da ruwan jikinsa, za a ga sun hau alhali fankiriyas lafiya lau take. Allurar dezametazon, wadda masu yawo da magani ba sa rabuwa da ita, ita ma tana ɗaga lifas a tsohon awo. A gefe guda kuma, karnuka da yawa masu ciwon na gaske, a auna a ga komai daidai. Shaida ke nan mai barci kuma mai ƙage.

A shekarun 1980 aka samu wani awo da ake taƙaita sunansa da TLI, mai bin sawun tirifsin. Ya yi fice wajen gano fankiriyas ɗin da ta ƙafe ta daina aiki, amma a kumburin farat ɗaya yakan hau ya sauka da wuri, kafin a kawo kare asibiti ya riga ya bar wurin.

Canji na gaske ya zo ne a farkon shekarun 2000, daga jami'ar Texas A&M a Amurka, inda Jörg Steiner da David Williams suka ɓullo da wata dabara. Tsohon awo yana ƙirga duk wani sinadari da ke narkar da kitse, kamar mai gadin da ke kama duk wanda ya gani da gatari a daji. Sabon awo kuwa fuska yake dubawa. Ana amfani da wasu sinadaran garkuwar jiki da aka tanada musamman, waɗanda ba sa kama kowane lifas sai wanda fankiriyas ɗin kare ta yi, kamar yadda tsofaffinmu ke duban tsagar fuska su ce wannan ɗan gidan wane ne. Kamfanin IDEXX ya fitar da shi kasuwa da sunan Spec cPL. Ana karanta shi da maikirogiram a kowace lita ta jini: 200 zuwa ƙasa lafiya, 400 zuwa sama ya yi daidai da ciwon, daga 201 zuwa 399 kuwa tsaka-mai-wuya ce, sai a duba sauran alamu a sake awo. Daga baya suka yi na tafi-da-gidanka mai suna SNAP cPL, ɗan ƙaramin abu mai kama da na gwajin maleriya da muka sani a asibitocinmu, wanda ke ba da amsa cikin kamar minti 10 ta hanyar kwatanta launin ɗigo biyu.

Shi ma wannan shaida yana da iyakarsa. In na tafi-da-gidankan ya ce babu, galibi ana yarda da shi a nemi ciwon a wani wuri. In ya ce akwai, sai an ƙara bincike, domin fankiriyas maƙwabciyar tumbi da hanji ce, gobarar maƙwabta takan lashe ta. Karen da ƙashi ya tokare wa hanji zai iya nuna akwai, kuma gwajin bai yi ƙarya ba, amma abin da zai ceci ransa tiyata ce. Likitan da ya tsaya a kan ɗigon nan kaɗai zai yi ta ƙarin ruwa har kare ya mutu da ƙashinsa a ciki. Shi ya sa ake haɗawa da hoton ciki.

Akwai wasu shaidu biyu da ya kamata a sani. Ɗaya sabon salon awon lifas ne da ake kira DGGR, wanda ake yi a kan injin awon jini na yau da kullum, ya fi sauƙin kuɗi, kuma amsarsa takan zo kusa da ta Spec cPL. Ɗayan shi ne CRP, wani sinadari da hanta ke saki duk lokacin da wani wuri ya kumbura a jiki. Shi ba ya faɗin gidan da ke ci da wuta, girman wutar yake faɗi, kuma in ana auna shi kullum za a gane ko tana mutuwa ko tana ƙaruwa.

Abin da ke hannunmu

Mun san tambayar da ke bakinku: wa zai kawo wannan kaya Gwiwa? Gaskiya ne, na tafi-da-gidankan sai an ajiye shi a firji, kuma mu dai ba mu taɓa cin karo da shi a shagon maganin dabbobi na yankinmu ba. Amma rashin doki ba ya hana tafiya. Akwai tambayoyin da za a iya yi wa jini da kayan da ke ƙananan ɗakunan gwaji.

In aka zuba jini a siririyar kwalba aka wulwula shi a inji, zai rabu biyu, ja a ƙasa, ruwa a sama. In jan ya yi yawa fiye da ƙima, ruwan jiki ya ƙafe, kare na bukatar ƙarin ruwa da gaggawa. In jan ya yi kaɗan, jini ya ƙare, sai a tuhumi kaska ko maganin ɓera. Ruwan saman ma yana magana: in ya fito fari kamar madara, kitse ya cika jini, in ya yi rawaya, a duba hanta da matsarmama, ko fashewar ƙwayoyin jini. Ɗigo guda a kan gilashi, a rina shi a sa a madubin likita, zai nuna ƙwayar cutar da kaska ke sakawa, wadda ke sa kare zazzaɓi da kasala da amai. Likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu sun nuna cewa wannan zazzaɓin kaska shi kansa yana iya jawo kumburin fankiriyas, ga karnukanmu kuwa kaska abokiyar zama ce. Awon ƙoda da na sukari su ma suna rage yawan waɗanda ake tuhuma. Ko ba a kama ɓarawo ba, an sallami marasa laifi, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da ya fi ƙarfin nan kuwa, ƙasar nan ba ta rasa manyan wurare ba. Tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana nan tun 1964 da asibitinta na koyarwa, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato kuma tun 1924. Ruwan jini in an raba shi da kyau, an sa shi a ƙanƙara, yana jure tafiya. Sharaɗin shi ne a ɗebi jinin da wuri, kafin a yi wa kare kowace allura, kuma ma'aikacin lafiyar dabbobi ne zai ɗiba.

Ga mai kare, abin kiyayewa kaɗan ne. Rigakafi ya fi magani: ranar Sallah a ba shi tsoka daidai misali, a hana shi kakide da tarin kitse da dafaffen ƙashi. In ya soma amai ya ƙi abinci, kada a ɗura masa manja. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, suna huda masa tumbi su lalata ƙoda. A kai shi asibitin dabbobi mafi kusa, a faɗi gaskiyar abin da ya ci. Maganin ciwon ba wani boyayyen abu ba ne: ƙarin ruwa, maganin tsayar da amai, maganin zafi irin na dabbobi, sannan abinci marar maiƙo kaɗan-kaɗan da zarar cikinsa ya karɓa. Gargaɗi guda mai nauyi: in kare yana dalalar da yawu, halinsa ya canja, yana kai cizo, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan ba da magani. Wannan zai iya zama ciwon haukan kare, shi kuwa ba a jini ake tabbatar da shi ba, a ƙwaƙwalwa ne, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum ba ya barin rai.

Inda maganar ta zo kanmu

Yanzu mu dubi rubutunmu. Sau nawa muka karanta a littattafanmu, na takarda da na waya, likita ya fito daga ɗaki, ya zare tabarau, ya ce gwaji ya nuna zuciyarta ta kumbura saboda damuwa? Gwajin me? A jini ko a hoto? Ba a faɗa. A labaranmu gwaji ba ya kuskure, ba ya shakka, ba ya cewa a dawo jibi a sake. Mai karatu kuwa yana ɗauka haka asibiti yake. Ranar da likitan gaske ya ce masa sakamakon bai fayyace ba, sai ya ce likitan bai iya aiki ba, ya koma wurin mai maganin da ba ya taɓa cewa ban tabbata ba. Muna da hannu a wannan tarbiyya, domin mutanenmu da yawa a labari suke fara shiga ɗakin likita kafin su shiga da ƙafarsu.

Kuma wanda ya san abin da muka zayyana a sama ya san cewa labari mai daɗi yana tsakanin 201 da 399. A nan ne mai kare ke tsaye, bai san ko ya je ya ba maƙwabcinsa haƙuri ko ya kai shi ƙara ba. A nan ne ma'aikaciyar ɗakin gwaji ke riƙe da takarda, ta san abin da lambar ta ce da abin da ba ta ce ba, ga kuma dattijo ya zuba mata ido yana jiran ta ambaci suna. Wanda ya rubuta wannan da gaskiya ba ya bukatar aljani ko hatsarin mota don ya riƙe mai karatu.

Sai batun kalma. In marubuci ya ce saifa alhali fankiriyas yake nufi, ya aika mai karatunsa wurin da ba nan ciwon yake ba, kuma wani zai kwafa, wani ya karanta a rediyo, kuskuren ya zama gado. Hausa ba ta gaza ba. Harshen da ya raba tumbi da hanji, ya raba hanta da matsarmama, ya ba kowace tsoka a jikin sa sunanta, zai iya ɗaukar kimiyyar jini. Abin da ake bukata shi ne mu tashi daga kan waya mu je inda kalmomin suke. Mu zauna da mahauta da safe lokacin fiɗa, mu nuna mu tambaya. Mu zauna da mafarauta mu ji yadda suke kiran kowace irin kwanciya da kowane irin haushi na kare. Mu shiga asibitin dabbobi mu ga yadda ake ɗibar jini a ƙafar gaba. Inda muka samu kalmar gida mu riƙe ta. Inda ba mu samu ba mu ari ta asibiti, mu yi mata rigar Hausa, mu bayyana ta sau ɗaya da kyau.

Karen bana shi ke maganin zomon bana. Dattawanmu sun san daji, sun san kare, amma ba su samu damar leƙa madubin likita ba. Mu mun leƙa, kuma muna da alƙalami. Mafaraucin da ke Gwiwa ba zai karanta mujallar likitocin Amurka ba, amma ɗansa yana da waya, yana cikin zaurukan da muke zuba rubutu, kuma da daddare yakan karanta wa gida abin da ya burge shi. In cikinmu wani ya rubuta gajeren labari ko 'yar maƙala da ta sa gida ɗaya ya hana kare tukunyar kakide a Sallar bana, ko ta sa mutum ɗaya ya ce a ɗebi jini tukuna kafin ya ambaci sunan maƙwabcinsa, to rubutun ya biya kuɗin tawadarsa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare alƙalumanmu daga faɗin abin da ba mu tabbatar ba. Sai mun ji daga gare ku, musamman 'yan'uwa da suka fito daga gidajen fawa da na farauta: wane suna kuka ji iyayenku na kiran wannan 'yar farar tsoka da ke jikin hanji?